Ƙulli Biyu na Shinkafa a Gindin Akwatinki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Zuwa ga Malama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Argungu lafiya, motar ba ta wahalshe ku a hanya ba, kin iske Kawunki Umaru da iyalinsa cikin alheri. Allah Ya tsare ki gaba da baya. Ya sa ki shiga makarantar da aka tura ki da ƙafar dama, Ya haɗa ki da shugaba mai adalci da yara masu jin magana. Amin.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Hannuna ya fi sabawa da alƙalamin kara da tawada, wannan biro zame mini yake yi. Ajami na so in yi, sai na tuna kina ƙorafin yana sa miki ciwon ido. Kwana biyu ina rubutawa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kike fita sallama da dangi a Gesse. Na sa ta a gindin akwatinki tare da ƙulli biyu na shinkafa. Kada ki dafa su. Zan gaya miki amfaninsu.

Dalilin takardar shi ne abin da ya faru ranar Talata. Kin tuna kin jingina allonki a bangon madafa, kin ja layi da alli kin raba shi biyu, gefe guda kin rubuta masu rai, gefe guda marasa rai. Kika ce in zama ɗalibarki ki gwada darasinki na farko a kaina. Ina tsintar shinkafa a faifai kina tambaya.

"Inna, akuya fa?"

Na ce mai rai.

"Turmi?"

Na ce da yana da rai, lokacin da yake itace a daji.

Kika yi dariya kika ce na fi ƙarfin 'yan aji uku. Kika tambaye ni wuta. Na ce wuta tana ci, tana girma, tana motsi, in an kife ta da kwano ta mutu. Kika ce duk da haka ba ta da rai. Gulbi ma haka, yana tafiya dare da rana amma ba mai rai ba ne. Kika lissafa mini alamomin da ke littafinki, numfashi da ci da girma da motsi da haihuwa da fitar da ƙazanta da jin taɓi. Ina jin daɗin sauraronki, wallahi. Sai kika ce, "Ai darasin ba wuya, Inna. Ana dubawa ake ganewa."

A nan na ajiye faifai na shiga ɗaki na saki labule. Na ji kin daɗe tsaye. Sannan kika ce daga bakin ƙofa, a hankali, "Dama na sani ba ki taɓa son karatun nan nawa ba." Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba na so ki bar gidan nan da wannan zato a ranki, bakina kuma ya ƙi buɗewa a gabanki. To ga shi a takarda.

Littafinki bai yi ƙarya ba. Alamomin nan gaskiya ne. Kalma ɗaya ce tawa da ke, wato cewa ana dubawa ake ganewa. Ni na duba sau uku a rayuwata, sau ukun kuma ban gane ba.

Na farko ina yarinya, ban kai goma sha biyu ba. An kai ni hutu wajen ƙanwar mahaifiyata a can Argungu inda kike yanzu. Rani ne, fadama ta bushe ta tsage. Maza suna haƙa rijiyar ban-ruwan albasa, aka tura mu mu dafa musu wake a bakin gona. Babu duwatsu a fadama, sai na ɗauko hoge uku daga ƙasar da suka haƙo, busassu ƙam, na kafa murhu na hura wuta. Wuta ta kama sosai, sai hoge ɗaya ya yi wani ɗan ƙara siriri, kamar kukan ɓera. Na ce itace ne. Can sai ya tsage, ƙaurin kifi ya tashi.

Wani tsoho masunci da ke cikin masu haƙar ya zo ya ture hogen da sanda ya fasa. Gaiwa ce a ciki, ta naɗe jikinta cikin wata 'yar fata, wutsiya a kan fuska. Kifin nan ne da in ruwa ya janye yake nutsewa cikin laka ya kwanta, ba ci ba sha, har damina ta dawo. Gefenta ɗaya ya ƙone. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗiyar malamai, wata nawa tana jiran ruwa, ke kin kawo mata wuta."

Sauran suka yi dariya, suka ƙarasa gasa ta suka cinye. Ni ban iya cin waken ba. A gidanmu an koya mana ko kwarkwata ba a jefawa a wuta.

Ban san tana ciki ba, wannan ba laifina ba ne. Amma ta yi ƙara, na ji, na ba kaina amsa mai sauƙi don kada in sauke tukunya. To idan kin tsaya gaban yaranki, kada ki koya musu cewa abin da ya yi shiru ya sandare ba shi da rai. Yaran Argungu ne, iyayen da yawansu masunta ne. Ki tambaye su gaiwa, za su ba ki labarinta fiye da ni. Ki bar su su faɗa, kada ki ji kunyar ɗan masunci ya san abin da babu a littafin Malama.

Na biyu ina amarya a ƙauyen babanki, Allah Ya ji ƙansa, can bayan Ambursa. Ni 'yar birni ce, na tashi tsakanin allo da tawada, ban san noma ba. Kakarki Inno, mahaifiyarsa, ta ce in ɗebo shanshera a ɗaki, wato shinkafa mai ɓawo, in yi gumi, in turara ta kafin a surfe. Taiki biyu ne a ɗakin. Na buɗe wanda ya fi kyau, ƙwayarsa manya-manya, na jiƙa na turara na shanya. Sai da ta bushe na ji babanki yana gaya wa ƙanensa cewa taikin kusurwa iri ne, shi ya zaɓe shi zangarniya-zangarniya, kada kowa ya taɓa.

Sai na dubi shinkafar a tabarma, ga ta nan da ɓawonta kamar yadda take. Na ce a raina, ai busasshen abu ne kamar tsakuwa, me ruwan zafi zai rage masa? Rabin zuciyata ta yarda da haka, ɗaya rabin tsoro ne kawai. Na kwashe na mayar cikin taikin na ɗaure.

Ranar da zai yafa iri ya ɗebo a hannu ya juya ya ce, "Irin ga ya yi duhu bana." Ina tsaye da ƙwaryar fura. Na miƙa masa na koma ɗaki.

Kullum da safe yana zuwa fadama ya dawo. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa tsilli-tsilli, nan tsiro can fili. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi ƙasa, har ya fara zargin wani maƙwabcinsa da ba ruwansa. Kafin in samu ƙarfin faɗa masa, ruwan gulbi ya riga ya hau fadama, lokacin sake shuka ya wuce. Shekarar nan dawar gidan wansa muka ci. Da na gaya masa, na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Hajo, iri barci yake yi, ba mutuwa ba. Kin kashe shi yana barci. Da kin faɗa da wuri da mun nemi wani."

Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba. Ni ce ban manta ba.

Ki lura da abu biyu a nan. Ƙwayar iri ba ta motsi, ba ki ganin numfashinta, ba ta ci a gabanki, amma da ranta. Wadda aka turara kuma kamarsu ɗaya, amma ta tafi. Idonki ba zai raba su ba, sai ƙasa da ruwa da kwanaki. Na biyu, kuskure ƙarami ne muddin an faɗe shi da lokaci. Idan kin koya wa yara abu kika gane daga baya ba daidai ba ne, ki koma washegari ki ce, "Jiya na yi kuskure." Idan kin ɓata wani abu a gidan Kawunki, ki faɗa wa matarsa kafin ta gani. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, gida guda ya yi shekara yana biya.

Na ukun shi ne wanda ya tashe ni daga gaban allonki. Na ajiye biro sau da yawa kafin in iso nan. Ki nemi wuri ki zauna.

Ke ba ke kaɗai kika zo duniya ba. Ku biyu ne.

Ba wanda ya san cikin na tagwaye ne. Bisa al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, an shirya za a kawo ni Birnin Kebbi. Sai damina ta yi ƙarfi, ruwa ya yanke hanya, naƙuda kuma ta zo tun wata bai cika ba. Da hantsi ne. A ɗakin daga ni sai Inno sai ungozomar garin, wata tsohuwa ana ce mata Ige, wadda ta karɓi haihuwar babanki ma.

Ta farko ta fito ba kuka. Mace ce. Jikinta ya yi launin toka, hannuwanta sun saki. Ige ta ɗaga ta, ta yayyafa mata ruwan randa sau ɗaya, sau biyu. Shiru. Ta girgiza kai ta ce, "Wagga ba ta zo da kwana ba." Ta kwantar da ita a tabarma gefen bango, ta ja wani zanen saƙi ta lulluɓe ta. Sai ta taɓa cikina ta ce, "Subhanallahi, akwai wani. Hajo, yi nishi."

Ina durƙushe, fuskata tana wajen bangon. Tsakanin ciwo da ciwo na dubi zanen. Ya ɗaga, daidai inda ƙirji yake, ya koma. Sau ɗaya.

Na ce, "Inno, zanen ya motsa."

Ta ce, "Iska ta, ɗiyata. Ji da wanda ke tahe."

Ba iska a ɗakin. An saki asabari a ƙofa, tagar kuma an toshe ta da tsumma saboda feshin ruwa. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma shekaruna goma sha bakwai, haihuwar fari ce, gaban uwar miji nake. An raine mu a kan cewa mace mai kunya ba ta nuna ɗoki a kan ɗan fari, ba ta kallonsa gaban manya, ba ta kiran sunansa. In sake magana, sai a ce yarinyar nan ba ta da ta ido, tana musu da Ige wadda ta karɓi haihuwar rabin gari. Na buɗe baki, ciwo ya taso, na rufe. Ban sake cewa komai ba.

Sai kika fito kina tsala kuka, har maƙwabta suka ji. Ɗaki ya cika da hamdala. Aka shiga yanke cibi, aka shiga dafa ruwa. Ba wanda ya sake ɗaga zanen sai lokacin da za a ɗauke ta. Kafin la'asar an rufe ta bayan ɗaki, gindin lalle.

Inno ta ce kada a sa miki sunan tagwaye, kada kuma a gaya miki, don wanda ya san ɗan'uwansa ya tafi yakan yi ta waiwaye. Babanki ya yarda. Ya san an haifi biyu, amma maganar zanen ban taɓa gaya masa ba. Yanzu shi da Inno da Ige duk suna gaban Allah. Ba na tuhumar kowa a cikinsu. Ige ta yi iyakar abin da ta sani, Inno kuma raina da naki take ji wa tsoro.

Bayan arba'in da aka kawo ni gida, na samu mahaifina yana zaure bayan ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na yi tambayar kamar ta wata ce. Na ce, "Baba, jaririn da bai yi kuka ba amma aka ga kamar ya motsa, mene ne hukuncinsa?" Ya ce a abin da suka karanta kuka shi ne shaidar da ba a musu a kanta, ɗan motsi kaɗai ba a gina hukunci a kansa, don haka ba salla, ba suna, ba gado. Ya faɗa yana kallona, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa, Hajara." Ina jin ya gane.

Hukuncin ya zauna, zuciyata ba ta zauna ba. Duk da haka shekara da shekaru ina lallashin kaina cewa ko na yi magana ba abin da za a iya. Wanda bai yi kuka ba ya tafi, haka kowa ya sani.

Sai aka ba mu jiha, garin nan ya cika da ma'aikata masu neman ɗaki. Kina makarantar horon malamai lokacin, kina kwana can. Kin san Malama Ladi, ungozomar asibiti da ta kama hayar ɗakin zaurenmu. Kin san kuma Maman Amaka, matar mai shagon kwanonin da ke jikin gidanmu, mutanen kudu da suka fi wasunmu iya Hausa. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka haifi Amaka.

Naƙuda ta kama Maman Amaka da rana tsaka, mijin ya tafi Jega sayen kaya, ba lokacin neman mota. Malama Ladi ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce in zo in riƙe mata kwano. Yarinya ta fito ba kuka, launin toka, hannuwa a sake. Kamar an ɗauko mini wancan ɗakin an dire a gabana. Na ce inna lillahi. Kin san abin da hannuna ya yi? Zane na jawo zan lulluɓe ta.

Malama Ladi ta buge mini hannu. "Inna Hajo, ajiye zanen nan! Wa ya ce miki ta tafi?"

Ta kama cibiyar da yatsu biyu ta yi shiru. Ta ce, "Tana bugawa." Ta share mata baki da hanci, ta goge ta da tawul da ƙarfi, ta murza bayanta, ta ɗora bakinta a kan nata tana hura mata iska kaɗan-kaɗan. Uwar tana ta kiran sunan Allah da yarensu. Ni ina tsaye da zane a hannu. Abin ya kai tsawon salla raka'a biyu. Sai yarinyar ta yi wani ɗan tari, ta ja, ta saki kuka.

Kowa yana murna, ni na fita bayan gida na yi amai.

Da yamma na kai wa Malama Ladi tuwo, na tambaye ta ko duk wanda ya zo haka yana dawowa. Ta ce a'a, wasu sun riga sun tafi tun a ciki, ko me aka yi ba su dawowa. Na ce to yaya ake rabewa? Ta ce, "Ba da ido ba dai. Sai an taɓa, sai an saurara, sai an gwada." Ta ga fuskata ta ce ko lafiya. Na ce hayaƙi ne.

Ga inda nake tun daga ranar. Ban sani ba ko 'yar'uwarki ta riga ta tafi, ko tana nan ƙarƙashin zanen tana jiran wanda zai murza mata baya. Ba zan taɓa sani ba a duniyar nan. Na san rai na Allah ne, ba mai ƙara wa wani ko numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Ba ƙaddara nake ja da ita ba, Allah Ya tsare ni. Shiruna nake tuhuma. Na gani, na faɗa sau ɗaya, aka ba ni amsar da na san ba ita ba ce, na karɓa don kada a ce ba ni da kunya.

Amaka yanzu tana shigowa kullum, ta tsaya bakin madafa ta ce, "Kaka, ƙanzo." Ina ba ta. Wani lokaci ina riƙe hannunta fiye da yadda ya kamata, har ta fizge.

To kin ji abin da kalmarki ta taɓa. Ba karatunki na ƙi ba. Ranar da sakamakonki ya fito na shiga ɗaki na yi sujada, ba ki gani ba don na rufe ƙofa.

Ga abin da nake roƙonki. Allonki gida biyu gare shi. Ki bar ɗan wuri a ƙasa, ko da tafin hannu ne, na abin da ba a tabbatar ba tukuna. Idan yaro ya kawo miki ƙwai, ko busasshen reshe, ko dunƙulen laka daga fadama, ya ce Malama wannan fa, kada ki yi saurin jefa shi gida ɗaya don a tashi darasi. Ki ce, "Mu gwada mu gani." Malamin da ya iya cewa bai sani ba tukuna, yaransa ba za su ji kunyar faɗin haka ba in sun girma.

Ƙullin nan biyu, ɗaya iri ne daga gonar ƙanen babanki, ɗaya na turara shi sama-sama na shanya, kamar yadda na yi wancan karon. Ban sa musu alama ba, ni ma yanzu sai na ƙura ido. Ki nemi gwangwani biyu, ki huda gindinsu, yara su cika da ƙasar fadama su shuka, su riƙa ba su ruwa. Ki bar su su yi gardama a kan wanne ne mai rai. Kwana uku na farko ba za su ga komai ba, za su ce duka matattu ne a zubar. A nan darasin yake. Ki hana su zubarwa.

A kowane aji kuma akwai yarinyar da ke zama can baya, ba ta ɗaga hannu, in an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Malamai sukan gwada ta sau ɗaya, sau biyu, su ce wannan ba ta ja, su koma kan masu baki. Kada ki lulluɓe ta. Ki je inda take ki duba allonta.

Idan kuma kika ga abu da idonki, wanda rai ko lafiyar wani ke ciki, babba ya ce miki ba haka ba ne, ki faɗa karo na biyu. Ki durƙusa in durƙuson ne, ki sassauta murya, ki ce Allah Ya ba ku haƙuri, amma ki faɗa. In ba a ji ba ki tashi da kanki ki ɗaga zanen. Na koya miki kunya iyakar iyawata, ban yi nadama ba, ado ce ga mace. Wannan wurin kaɗai nake ce miki ki ajiye ta.

Ranar da Allah Ya kai ki ɗakinki, Ya ba ki ciki, ki je awo, ki haihu inda akwai irin su Malama Ladi. Ko ni ce na ce miki ki zauna gida, kada ki ji.

Sauran kin san su. Salla a kan lokaci. Ki taya matar Kawunki aiki tun ba ta nema ba. Ki tafasa ruwan sha, na gulbi ba irin na famfonmu ba ne. Kada ki shiga kwalekwale in ya cika, ko ana yi miki dariya.

Saura abu ɗaya. Tun kina jaririya ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke wagga" nake cewa, da kika fara koyarwar gwaji na samu sauƙi na koma Malama. Ban taɓa goya ki gaban mutane ba sai dole, ban taɓa yabonki kina ji ba. Kowa ya ce Hajo akwai kunyar 'yar fari, har ana misali da ni. Na san ya yi miki ciwo. Ina ganin yadda kike kallona in na kira ƙannenki da sunayensu.

Ba kunya ba ce kaɗai. Na ɓuya ne a bayanta. Duk lokacin da na dube ki sosai sai in ga ku biyu, in ga tsawon da za ta kai, in ji muryar da za ta yi. Sai in kawar da kai, al'ada kuma ta ba ni inda zan fake. Kin yi shekara ashirin da ɗaya kina biyan abin da ba ki ci ba. Ki yafe mini, don Allah. Idan ba za ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba, zan jira. In kin yafe, ba sai kin yi dogon rubutu ba. Ki ba direban da Kawunki ke aikowa 'yar takarda, ki gaya mini ranar da shinkafar ta tsiro. Zan gane.

Ba a raɗa mata suna ba, amma a zuciyata Hassana nake ce mata. Gidanmu na ƙauyen ya rushe tun shekarar babban ruwa, ko gindin lallen ban iya nuna miki. Ki riƙa sa ta a addu'a, yanzu mu biyu ne muka san ta.

Ita ce 'yar fari. Kunyar tata ce, ba taki ba. Ke ta biyu ce, ba abin da ya taɓa hana ni kiran sunanki sai ni kaina.

Rukayya.

Na rubuta, na kuma faɗa da baki, ni kaɗai a ɗaki, sau uku. Rukayya, ɗiyata, Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya in kira ki kina ji. Ya tsare ki daga sharrin ruwa da na hanya da na baki. Ya sa albarka a allinki da yaran da za su zauna gabanki. Ya ji ƙan babanki da Inno da Ige da Hassana, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Ki gai da Kawunki da mutan gidan duka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifiyarki,
Hajara
Birnin Kebbi